Yadda Ake Kare Lambun Mangwaro Daga Ƙwari Da Cututtuka

Gero ko dawa in ƙwari suka cinye, asarar damina ɗaya ce, baɗi a sake shuka. Itace ba haka yake ba. Mangwaro ɗan aure, wato wanda aka haɗa reshen iri mai kyau a kan dashen ƙwallo, sai ya shekara 3 zuwa 4 kafin ya fara 'ya'ya na kirki, wanda aka shuka daga ƙwallo kuwa yakan kai shekara 6 ko fiye. In ya mutu, shekarun ban ruwa da shinge da jira duk sun tafi tare da shi. Abin da ke damuna shi ne yawancin masu lambu ba sa tunawa da lafiyar itacensu sai 'ya'ya sun fara zubewa, a lokacin sai a ruga kasuwa a sayo duk maganin da mai shago ya miƙo. Alhali mafi yawan aikin kare itace da ido ake yin sa, da zarto, da buhun tsintar ruɓaɓɓun 'ya'ya. Feshi shi ne na ƙarshe. Ga yadda aikin yake tun daga rami, kuma galibin abin da zan faɗa ya shafi gwaiba da lemo ma.

Mataki na 1: Kada ka sayo cuta da kuɗinka

Da yawa daga cututtukan lambu a cikin ledar dashe suke shigowa. Kafin ka biya, juya ganyen ka duba bayansa. In ka ga farin abu kamar auduga, ko ƙananan ƙwari masu kama da ɓawon kifi sun manne a jijiyar ganye, ko baƙaƙen ɗigo-ɗigo masu ɗan tudu, ajiye shi. Duba wurin auren, ya zama ya haɗe sarai, ba tsaga, ba ƙaro yana tsattsafowa. Ɗaga ledar ka ga ƙasanta: dashen da saiwarsa ta nannaɗe ta murɗe a cikin leda ba ya yin ƙarfi ko ya girma.

Haƙa rami mai faɗi da zurfin santimita 60, ka bar tazarar mita 10 tsakanin itace da itace. Na san a ido tazarar tana yi wa mutum kamar ɓarnar fili, amma bayan shekara 10 rassan za su haɗu, kuma lambun da iska ba ta ratsa shi gidan fumfuna ne. Takin da za ka zuba ya zama ya ruɓe sosai. Ɗanyen kashin shanu da karmami su ne ke gayyato gara. Wurin aure kuma ya tsaya sama da ƙasa da aƙalla tsawon tafin hannu, kada a binne shi.

Wajen ban ruwa, yi wa itacen kwari mai zagaye biyu: ƙaramin tudu a jikin gindi, ruwan kuma ya kwanta a zagayen waje. Ruwan da ke kwanciya a jikin ɓawo shi ke kawo ruɓar gindi, musamman ga lemo, inda za ka ga ɓawo ya tsage yana fitar da ƙaro, ganye ya yi rawaya, itace ya bushe a hankali.

Kada ka cika lambu da iri ɗaya. Haɗa mai nuna da wuri da mai nuna a makare, ka sa gwaiba ko lemo a wani gefen. Ko darbejiya, wadda ake ganin ba abin da ke taɓa ta, a tsakiyar shekarun 1980 wani ƙwaro mai manne wa ganye ya yi mata mummunar ɓarna a yankin Tafkin Chadi, daga Borno zuwa Kamaru da Chadi da Nijar, bayan fari ya riga ya raunana ta. Inda aka jera iri ɗaya, abin da ya kama na farko ba ya tsayawa sai ya kai na ƙarshe.

Mataki na 2: Zagaye sau ɗaya a mako

Zaɓi rana ɗaya, da sassafe, ka bi itatuwan ɗaya bayan ɗaya. Fara daga ƙasa: akwai 'ya'yan da suka faɗo? Akwai garin itace a gindi? Hau da ido kan gangar jiki: laka ta gara, rami, ƙaro, wurin da aka sassaƙe. Sannan rassa da bayan ganye da sabon toho. Layin tururuwa da ke hawa da sauka alama ce, domin sau da yawa darɓa suke bi, darɓa kuwa kashin ƙwari masu tsotson ruwan ganye ne. Itacen da ka ga alama a jikinsa ɗaura masa ƙyalle, don mako mai zuwa ka gane ko abin gaba yake yi ko baya.

Mataki na 3: Gara

Gara ita ce babbar mai kashe ƙananan dashe a ƙasarmu, kuma da rani take cin kasuwarta. Abin lura shi ne ba kasafai take kayar da itace mai ƙoshin ruwa ba. Ta fi bin wanda ƙishirwa ta kama, ko wanda fartanya ta ji wa rauni a gindi, ko mai mataccen reshe. Saboda haka maganin gara na farko shi ne ban ruwa a kan kari daga Nuwamba har saukar damina, musamman a shekaru biyun farko.

In ka ga ta yaɓa laka a jikin ɓawo, kankare da hannu ko tsumma mai kauri, ba da wuƙa ba. Zuba toka zagaye da gindin, ka sabunta ta bayan ban ruwa. Dusar ƙwallon darbejiya da aka daka, in an cuɗa ta da ƙasar gindi, tana korar gara kuma taki ce. Cire kututture da busassun itace daga lambu. In kana rufe gindi da ciyawa don riƙe laima, abu ne mai kyau, amma janye ta kamar tafin hannu biyu daga jikin itacen.

Surin da ke tsakiyar lambu a rushe shi a tono har a samu uwar garar, in ba haka ba sai su sake gini. Amma ba na goyon bayan bin kowane suri na daji da guba. Manoman yankin Tawa a Nijar da ke haƙa tassa, wato ƙananan ramukan shuka da ake zuba wa taki, don farfaɗo da faƙo sun san amfanin gara: ita ce ke huda taurin ƙasa ta ja taki ciki, ruwa ya samu hanya. Wadda ke jikin dashenka kawai za ka yaƙa.

Mataki na 4: Zarto, bayan an gama tsinka

Da zarar an sauke 'ya'yan ƙarshe, lokacin gyaran rassa ya yi. Cire duk busasshen reshe, da masu gogar juna, da waɗanda suka toshe tsakiyar itace, har ya zama in ka tsaya a gindi da rana kana ganin ɗigon haske a ƙasa. Reshen da ke bushewa daga sama yana gangarowa, bi shi ka yanke a inda itacen yake fari tas, kamar tafin hannu ɗaya ƙasa da wurin da ya yi baƙi.

Yi aiki da zarto. Adda da gatari suna farfasa itace su bar rauni mai riƙe ruwa. Babban reshe yanka uku ake yi masa: ka fara ɗan shiga da zarto ta ƙasa, nesa kaɗan da ganga, sannan ka yanke ta sama gaba da wurin har ya faɗi, sannan ka cire guntun da ya rage dab da kumburin da ke gindin reshe, ba tare da ka taɓa kumburin ba, don daga nan itace ke rufe rauninsa. In ka yanke kai tsaye ta sama, nauyin reshe zai yage ɓawo har ƙasa.

Kafin ka matsa zuwa wani itacen, tsoma zarton a ruwan bilic, kashi 1 na bilic cikin kashi 9 na ruwa. Manyan raunuka a shafa musu kwaɓin maganin fumfuna mai jan ƙarfe a ciki, wanda shagunan kayan gona ke sayarwa. Rassan da ka cire masu cuta a fitar da su daga lambu a ƙona.

A wannan zagayen ne za ka yi maganin kauci. Kauci ba ado ba ne, tsiro ne da ke kafa saiwarsa cikin reshe yana shan ruwan itacen, har reshen ya kumbura ya bushe daga wurin zuwa gaba. Tsuntsaye ke yaɗa shi: 'ya'yansa masu danƙo ne, tsuntsu ya ci ya goge baki ko ya yi kashi a wani reshe, sai ya tsiro. Tsinke ganyensa aikin banza ne, zai sake fitowa. Reshen da yake kai ake yankewa, kamar kamu ɗaya ƙasa da kumburin, kuma a yi kafin ya yi 'ya'ya. Ka leƙa kaɗanya da ɗorawa da ke kewaye da lambun, domin daga can yakan taso.

In ka ga rami a ganga da garin itace yana zubowa, tsutsa ce a ciki tana ci. Zura waya mai ɗan ƙugiya ka soke ta ko ka jawo ta. In ta yi nisa, jiƙa auduga da kananzir kaɗan, cusa cikin ramin, ka liƙe bakin da yumɓu. Bayan mako guda ka dawo, in babu sabon gari ta mutu.

Mataki na 5: Lokacin huda da toho

Da hunturu mangwaro ke huda, kuma a nan ake yanke hukuncin yawan 'ya'yan shekara. Cuta biyu ke kama huda. Ɗaya farin gari ne kamar an barbaɗa fulawa, hudar ta bushe ta kaɗe. Maganinta garin farar wuta na feshi, a fesa da yamma tun alamar tana sabuwa, kada a fesa cikin zafin rana don yana ƙona ganye. Ɗayar kuwa baƙin tabo ce mai son laima, tana ƙona huda, daga baya ta fito a jikin 'ya'ya lokacin nuna. Ta fi tsanani a wurare masu yawan ruwa irin kudancin Kaduna da Neja da Binuwai, da kuma irin da ke nuna cikin damina. Ita maganin fumfuna mai jan ƙarfe ake fesa mata kafin huda ta buɗe da kuma bayan 'ya'ya sun ɗaura, amma rage cunkoson rassa ya fi kowane feshi tasiri a kanta.

Muddin huda tana buɗe, kada ka fesa maganin ƙwari. Ƙudaje da ƙudan zuma da kake gani suna yawo a kanta su ne ke ɗaura maka 'ya'ya.

Farin ƙwaro mai kama da auduga yana taruwa a bayan ganye da wuyan 'ya'ya. Darɓarsa ce ke sa ganye ya yi baƙi kamar an turara shi da hayaƙi. Wani nau'insa ya shigo Afirka ta Yamma daga Asiya a farkon shekarun 1980, ya addabi mangwaro a Togo da Gana da Benin da Najeriya. Ba guba ce ta karya shi ba. Masu bincike, ciki har da cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, sun kawo wani ɗan ƙaramin zanzaro daga Indiya wanda ke saka ƙwai a jikinsa, aka sake shi, ya bazu da kansa. Duk wanda ya yi wa lambunsa wanka da maganin da ke kashe komai, to har wannan zanzaron yake kashewa, kuma farin ƙwaron ya fi shi saurin dawowa.

Don haka a fara da ruwan darbejiya. Tara ƙwallon da ya nuna, wanke, shanya a inuwa, fasa ka fitar da 'ya'yan ciki. Daka rabin kilo, ƙulle a tsumma, jiƙa cikin lita 10 na ruwa ya kwana. Da safe matse, tace da kyau don kada ya toshe bakin famfon feshi, narka ɗan sabulu kamar girman ƙwallon dabino a ciki don ya kama ganye. Fesa da yamma, domin hasken rana yana kashe ƙarfinsa, kuma ka nufi bayan ganye. A yi amfani da shi a ranar, a maimaita bayan kwana 7. Ba ya kashe ƙwaro nan take, hana shi ci da hayayyafa yake yi, saboda haka kada ka ce bai yi aiki ba don ka ga ƙwari suna motsi washegari.

Mataki na 6: Ƙudan mangwaro

Wannan shi ne ɓarawon da ya fi kowa cin ribar mai lambu. Mangwaro ya yi kyau a ido, a yanka a tarar da tsutsa. Mutane da yawa suna ɗauka ruwan sama ne ke sa tsutsar. Ruwan yana da hannu, amma ta wata hanya: da saukar damina ƙudan ke yawaita, shi ya sa iri mai nuna a makare ya fi shan wahala, mai nuna cikin bazara kuwa yakan tsira.

Ƙudan kusan girmansa ɗaya da na gida, da rawaya a jikinsa. Muna da namu na asali, amma wanda ya fi ɓarna baƙo ne daga Asiya, an fara ganinsa a Kenya a 2003, kuma cikin shekara biyu ya iso Afirka ta Yamma. Macen tana huda fatar mangwaro ta zuba ƙwai a ƙarƙashi. Cikin kwana 1 zuwa 2 su ƙyanƙyashe, tsutsa ta yi mako ɗaya zuwa biyu tana ci, ɗan itacen ya ruɓe ya faɗo. Daga nan tsutsar ta fita ta shige ƙasa, bayan kamar kwana 10 ta fito da fiffike. Mace ɗaya tana saka ƙwai ɗaruruwa. Duk wanda ya fahimci wannan zagayen ya ga inda za a katse shi: a ƙasa, tsakanin faɗuwar ɗan itace da fitar tsutsa.

To ga aikin. Tun 'ya'ya suna ƙanana, kowane kwana biyu, in da hali kullum, a tsince duk wanda ya faɗo, har da na gwaiba da lemo da kashu. A zuba a baƙar leda mai kauri wadda ba ta da huda, a ɗaure baki tam, a ajiye a rana kwana 3 zuwa 5, zafi zai kashe abin da ke ciki, sannan a juye a ramin taki. In ba leda, a binne a rami mai zurfin da ya wuce rabin mita, a danne ƙasar. Wanda bai ruɓe ba a ba dabbobi a ranar. Zubar da su a bayan shinge daidai yake da barinsu a gindi. Wannan aiki ne da yara za su iya, ba ya cin kuɗi, kuma in za a ce in zaɓi abu ɗaya tak daga wannan rubutu, shi zan zaɓa. A sassauta ƙasar gindi da fartanya sama-sama, a bar kaji da zabi su yi tono, suna cinye waɗanda suka riga suka shiga ƙasa.

Sai tarko. Akwai wani sinadari mai ƙamshi, metil yujinol, da ke jawo mazan baƙon ƙudan daga nesa. Samu gorar ruwa ta roba, huda mata ƙofofi 3 ko 4 masu faɗin ɗan yatsa a kafaɗa, rataya auduga a ciki da waya, ɗiga mata sinadarin da ɗigon maganin ƙwari kaɗan. Akwai kuma wanda ake sayarwa a haɗe. Rataya gorar a inuwar reshe daidai tsayin mutum, ka shafa man giris a wayar don tururuwa. Kafa tarkon kamar wata biyu kafin nuna, kimanin 10 a hekta, ka sabunta audugar duk wata. Ka sani maza kawai yake kamawa, kuma ƙudanmu na asali bai damu da shi ba. Amfaninsa biyu ne: yana rage barbara, yana kuma gaya maka ranar da ƙudan ya fara yawa.

Mata kuwa da abinci ake kama su. Akwai maganin da aka haɗa abincin ƙuda da guba kaɗan, irin GF-120. Ba a wanke itace da shi. Wuri ɗaya ake fesawa a ganye, kamar faɗin mita ɗaya, nesa da 'ya'ya, duk mako, a sake in ruwa ya wanke.

Mai itace kaɗan a gida, ko mai manyan iri masu tsada, zai iya sa wa kowane ɗa jakar takarda tun yana kamar ƙwan kaza, ya ɗaure a wuya. Kuma kada a jira mangwaro ya nuna a sama. Da ya ƙosa, kafaɗunsa sun cika, a tsinke shi da ɗan wuyansa ya ƙarasa a inuwa, domin ƙudan ya fi son wanda ya fara laushi. A wuraren da ake samun jajayen tururuwan nan masu ɗinke ganye su yi gida a sama, kada a ƙona gidansu. Cizonsu da zafi, amma binciken da aka yi a Benin ya nuna itacen da suke kai ƙudan ba ya sakewa a kansa.

Abu ɗaya da ba za ka iya kai kaɗai ba: ƙuda bai san iyakar gona ba. In kana tsinta maƙwabcinka ba ya yi, daga wurinsa za su riƙa zuwa. Ku zauna da masu lambun fadamarku, ku sa ranar fara tsinta da kafa tarko tare, ko da mai unguwa ne zai shiga tsakani.

Mataki na 7: In feshi ya zama dole

Wani lokaci abin yakan fi ƙarfin toka da darbejiya. Kafin ka sayi komai, yanki reshe ko ɗan itacen da ya kamu, sa a leda, ka kai wa malamin gona na hukumar bunƙasa noma ta jiharku, ko Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, ko reshen cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, da ke Bagauda a Kano. A Nijar akwai cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, da ma'aikatan gona na gunduma. Maganin ƙwari ba ya warkar da fumfuna, na fumfuna ba ya kashe ƙwaro, kuma ganyen da ya yi rawaya don yunwa ko yawan ruwa ba ya bukatar ko ɗaya.

Sayi mai lambar NAFDAC a cikin kwalbarsa ta asali, ba wanda aka ɗura a gora ba. Bi ma'aunin da aka rubuta, kada ka ƙara don a ce ya fi ƙarfi. Rufe hanci da baki, sa doguwar riga da takalmi, ka juya wa iska baya, ka yi wanka da sabulu bayan ka gama. A jikin kowace kwalba an rubuta kwanakin da za a jira kafin a tsinka, wannan haƙƙin wanda zai sha ne a wuyanka, kuma yara ne suka fi shan mangwaro. Fiya-fiya da makamantanta ba su da wuri a kan abin da mutum zai ci. Kwalbar da ta ƙare a huda ta a binne nesa da rijiya.

Mataki na 8: Raunin da mutum da dabba ke yi

Kowane rauni ƙofa ce. Akuya ta gwaguyi ɓawo, mai neman magani ya yi sassaƙe, yaro ya yi jifa, an ƙona shara a gindi, duk ta nan tsutsa da fumfuna ke shiga. Kewaye ƙananan dashe da ƙaya ko kwando. Da kaka, kafin ciyawa ta bushe ƙurmus, share hanya mai faɗin mita 3 zuwa 5 zagaye da lambu don tare gobarar daji. In sassaƙe ya zama dole, a ɗiba ta gefe ɗaya, siriri, a tsaye. Wanda aka zagaye gangarsa da sassaƙe ya mutu, ko da ganyensa ya ƙara wata biyu yana kore, domin ta cikin ɓawo abinci ke sauka zuwa saiwa.

Itacen da ya bushe fiye da rabi, ko wanda gindinsa ya ruɓe zagaye, a haƙura da shi. A sare, a tono kututturen da manyan saiwoyi, a fitar a ƙona, a bar ramin a buɗe rana ta dake shi har ƙarshen rani. In za a maye gurbinsa, a matsa gefe da 'yan taku a haƙa sabon rami, kuma in ruɓar gindi ce ta kashe shi, a gyara hanyar ruwan wurin kafin a sa wani.